Rini, hasken rana da iskar kabon dayoksaid

Tambaya: Malam, ni mai sayar da atamfa ce a kasuwar Kejetia. Ɗana da ke karatu a jami'ar KNUST ya ce ana haɗa rini da hasken rana a mayar da iskar kabon dayoksaid ta zama sinadarai. Da gaske ne? Ruwan sobolo (zoɓo) zai iya? Daga wata Hajiya a Aboabo, Kumasi.

Amsa: Hajiya, ɗanki ya faɗi gaskiya, kuma ganye ne ya koya mana, domin koren launinsa ke kama haske ya haɗa wannan iska, wadda muke fitarwa idan mun yi numfashi, da ruwa su zama sukari.

Aikin rini shi ne kamun haske. Idan haske ya sauka a kansa, sai ya saki ƙwayar lantarki da ake kira ilektron, ya miƙa ta ga wani sinadarin, sau da yawa mai ƙarfe ko kobal a ciki, wanda ke riƙe iskar har ta sauya. Ilektron 2 ke ba da kabon monoksaid ko asid ɗin fomik, 6 ke ba da metanol, 8 kuma iskar metan, shi ya sa na farkon suka fi samuwa. Tun 1979 masana a Japan suka gwada wannan da farin garin titaniyam dayoksaid, sai dai shi ba ya kama komai sai hasken ultrabayolet (UV), wanda ido ba ya gani, kusan kashi 5 cikin 100 na hasken rana. Ma'adinan da ke cike wannan giɓi, irin su ruteniyam da iridiyam, tsadarsu ta yi yawa. Wannan ne ya ɗaga darajar rini irin su iyosin da furfurin, jan launin da ake samu daga saiwar wani tsiro.

Babbar matsalar kin fi ni saninta: atamfar da ta daɗe a rana tana koɗewa. Haka rinin ke lalacewa, wani cikin 'yan awoyi. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne, yawancin gwaje-gwajen sai an zuba wani sinadarin da ke mayar wa rinin ilektron ɗinsa, shi kuma ƙarewa yake yi, alhali ruwa ya kamata ya yi wannan aiki.

Jan launin sobolo yana kama haske, har an yi ƙananan faifan sola na gwaji da shi, amma ƙarfinsa kaɗan ne kuma yana saurin koɗewa. Ya dace da bincike irin na ɗanki, bai kai ga masana'anta ba tukuna.