Layuka da murabba'ai kawai: me ake kallo a zanen Mondrian?

Tambaya: Malam, na ga hoton wani zane na Piet Mondrian da aka sayar kan dala miliyan 51 a 2022. Layuka ne baƙaƙe da 'yan murabba'ai masu launi. Wallahi ɗana na firamare zai iya yin sa da rula. Me mutane ke gani a ciki?

Amsa: Malam, ba kai kaɗai ba ne. Abin da ke hana ka jin daɗinsa shi ne kana neman hoton wani abu, mutum ko doki ko gida, alhali da gangan mai zanen ya cire su.

Mondrian mutumin Holan ne, an haife shi a 1872, kuma ya iya zanen kama sarai. Ya shafe shekaru yana zana gonaki da koguna. Nemi bishiyoyin da ya zana tsakanin 1908 da 1912 ka jera su. Ta farko bishiya ce sosai, ja, da rassanta. Ta 1911 ta koma ruwan toka, rassan sun zama lanƙwasassun layuka. A ta ƙarshe da ƙyar za ka ce ga gindi ga reshe. Lokacin ya koma Paris, ya ga yadda masu zane Picasso da Braque ke farfasa siffa. Daga baya ya ɗaure kansa da doka: layi a tsaye, layi a kwance, sai ja, shuɗi da rawaya, tare da baƙi, fari da toka. Har rabuwa ya yi da abokinsa Theo van Doesburg, wanda suka kafa ƙungiyar masu zane ta De Stijl tare a 1917, kuma cikin abin da ya raba su akwai karkataccen layi da van Doesburg ya shigo da shi. Mutum ya ɓata da aboki a kan layi!

Yanzu ɗauki wanda ya zana a 1930, da ke birnin Zurich. Ja ne babba ya cinye sama ta dama. Can ƙasa ta hagu ɗan shuɗi, sai rawaya ƙanƙani a gefen ƙasa kamar zai fice. Bisa ƙa'ida jan nan ya kamata ya rinjayi komai, amma zanen bai karkata ba. Sa babban yatsanka ka rufe rawayan, ka ga yadda abin ke sauyawa. Duba kaurin layukan ma, ba ɗaya ba ne. Wannan awo shi ne aikin, kuma da ido ya yi shi, yana gogewa yana matsar da layi. A waya komai sumul yake. A gaban ainihin zanen ana ganin sawun burushi.

Mu dai ado marar hoto ba baƙonmu ba ne. Ba wanda ke duban aikin hula ko zanen bangon soro ya ce hoton mene ne. Sai dai adonmu ya fi son maimaici, dama ta amsa hagu, Mondrian kuwa gudun hakan yake yi.

Masu zanen Rasha sun fi shi tsauri. A Disamba 1915 Kazimir Malevich ya nuna baƙin murabba'i a kan farin fili a Petrograd (St. Petersburg ta yau), ya rataye shi a saman kusurwar ɗaki, inda Kiristocin Rasha ke ajiye hotunan ibada. Ni dai wannan ya fi kama mini da sanarwa, ba na daɗewa ina kallonsa yadda nake yi wa Mondrian.

Batun kuɗi kuwa kasuwa ce: suna, tarihi da ƙarancin kaya. Masana su ma suna tuntuɓe. A 2022 wata mai kula da zane-zane a Düsseldorf ta Jamus ta gano cewa wani aikin Mondrian ya yi kimanin shekara 75 a rataye ƙasa a sama. An bar shi a haka, don tef ɗin da aka liƙa aka yi layukansa da shi ya tsufa, ana tsoron ya zube in an juya shi.