Rufin kwalta da tsakuwa ya tsufa, yana yoyo: a sake ko a gyara?

Malam, ka ce rufin gidanka na Zango ya haura shekara 20, bara ya ɗiga a falo, kana tunanin kwashe shi duka. Kada ka yi gaggawa tukuna.

Tsakuwar nan ita ke kare kwalta daga rana. Zafin Afirilu da Mayu a Damagaram yakan wuce digiri 40, duk inda iska ta share tsakuwa sai kwaltar ta bushe ta tsattsage kamar fatar kada. Hau da sassafe, kafin ta yi laushi, ka nemi wuraren da suka yi sanƙo. Inda ta kumbura, tsaga da wuƙa, bari cikin ya bushe sarai, shafa kwalta, ɗora ƙyalle mai kauri, sake shafawa, sannan ka mayar da tsakuwa.

Amma fara duba indararo. Nawa, ƙurar hunturu da leda ne suka toshe shi, ruwa ya kwana biyu a sama. Duba kuma mahaɗar rufi da katanga, don ruwa yakan shiga can ya ɓullo nesa.

In ka taka ka ji yana lotsawa a wurare da yawa, to sai sabo. Gama aikin kafin Yuni.