Silin tsohuwar Peugeot 504 ya sako: yaya za a mayar da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gaji Peugeot 504 daga mahaifina. Yadin silinta ya sako har yana taɓa kai. An shafa masa gam an manna da rufin, bai yi wata guda ba ya sake sauka. Mene ne mafita? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Baba, Ya kai haske kabarinsa.

Malam, gam ɗin nan ba zai taɓa riƙewa ba, domin tun asali silin 504 ba manne yake da rufi ba. Motocin baya-bayan nan ne ke da allo da aka manna wa yadi mai soso. Ita kuwa 504, wadda ta fito a Faransa a 1968, aka fara haɗa ta a Kaduna a 1975, silinta rataye yake. A bayan yadin an ɗinka dogayen aljihuna, an zura musu sandunan ƙarfe masu lanƙwasa, bakin kowane sanda ya shiga raminsa a gefen rufi. Gam yana gefe-gefe ne kawai. In ka ga ya sako, to ko ɗinkin aljihun ya ruɓe, ko sanda ya zame.

Tunda gam ya riga ya ɓata tsohon yadin, a kai shi wajen mai ɗinkin kujerun mota ya auna ya yanka sabo, ya bar rara a kowane gefe. Kada a jefar da tsohon kafin a gama, shi ne ma'auni.

Abin da mutane ke gudu shi ne cire gilashin gaba da na baya, amma ba makawa, saboda bakin yadin a ƙarƙashin robar gilashi yake kwana. Wanda ya cusa shi da sukundireba ba tare da ya cire gilashi ba, aikin zai dawo masa. A nemi mai gilashi ya cire, a tanadi sabuwar roba, domin tsohuwa takan tsage.

Wajen cire sandunan, a sa wa kowanne lamba. A ido duk ɗaya suke, alhali tsawonsu da lanƙwasarsu sun bambanta, kuma idan aka sauya musu wuri silin ba zai zauna ba. Yanzu da rufin yake a buɗe, a duba tsatsa, a kankare a shafa fenti, a sabunta abin tare zafi da ke manne a ciki, a gwada wayar fitilar sama. Ni dai ban yarda a rufe silin a kan tsatsa ba, ko mai mota na sauri.

A shanya yadin a rana ya yi laushi, a wanke hannu tas. A zura sandunan a aljihunan sabon yadin, a rataya su bi da bi, a tabbata tsakiyar yadi ta dace da tsakiyar rufi. Sai a ja gaba da baya, sannan gefe da gefe, ana riƙewa da 'yan maƙalai, ba gam tukuna. Sai tamojin ya baje ake shafa gam a gefe-gefe, a ƙarfe da yadi, a jira ya sha iska har ya daina bin yatsa, a danna daga tsakiya zuwa kusurwa. A nemi gam mai jure zafi. Rufin da ke shan ranar watan Afrilu a Arewa zai narkar da na gama-gari.

Ramukan fitila da madubi da abin kare rana, kada a huda su sai a ƙarshe. A bar kusoshinsu a ramukansu kafin a rufe, a lalubo su da yatsa ta saman yadin, a yi ɗan ƙaramin tsagu. In ɗan tamoji ya rage a kusurwa, iskar na'urar busar da gashi daga nesa za ta miƙar da shi.