Mun yi shiru, abin na cin mu

Tambaya: Anti, ƙungiyarmu ta mata ce a Jidda, muna kai wa marasa lafiya abinci. Rannan a gabanmu wata ta kira ƴar aikinta ƴar Habasha "abda", wato baiwa, wallahi duk muka yi tsit. Ya za mu yi?

Amsa: Ƴar uwa, ai mun san zafin, mu da ake ce wa Takari. Tun 1962 Saudiyya ta haramta bauta amma kalmar ta ƙi barin baki. Da Abu Zarri ya goranta wa wani uwarsa, Annabi (SAW) ce masa ya yi akwai jahiliyya tattare da shi. Ku samu matar a keɓe ku faɗa mata haka, yarinyar kuma ku zauna da ita ku ji me take buƙata, ko albashinta ma ana biya, kar ku yanke shawara a madadinta.