Hukuncin tallata maganin tashin zuciya da amai

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Shara Mansur a nan Makka, ina da mabiya da yawa a TikTok, galibinsu matanmu na Makka da Jidda da masu zuwa Umara. Wani ɗan kasuwa ya ce zai biya ni in tallata masa ƙwayar maganin amai, in ce na sha lokacin laulayi ta yi mini aiki, kuma ba ta da illa ga mai ciki ko mai jin jiri a mota. Gaskiya ban taɓa shan ta ba. Kuɗin ya halatta gare ni?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, talla a kan kanta halal ce, dillanci ne, kuma neman magani abu ne da Manzon Allah (SAW) ya yi umarni da shi, ya ce ku nemi magani bayin Allah, kamar yadda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito. Amma tallar da aka ba ki a wannan siga haram ce, ladanta ma haka.

Cewa kin sha alhali ba ki sha ba ƙarya ce tsagwaronta, wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Inda na fi jin tsoro shi ne kalmar "ba ta da illa". Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya cusa hannunsa cikin tsibin abinci a kasuwa, ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi me ya hana ya ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da ni. To idan ɓoye danshin hatsi ya kai haka, ina ga ɓoye aibin abin da mai ciki za ta haɗiya?

Magungunan amai kuwa suna da aibi sananne. Metoclopramide kan sa wuya ya murɗe, ido ya kafe sama, musamman ga yara da matasa, shi ya sa a 2013 hukumar magunguna ta Turai ta taƙaita shansa zuwa kwana 5. Domperidone na iya rikita bugun zuciya. Wanda matafiya ke sha kafin hawa bas ɗin Madina, irin su dimenhydrinate, barci yake sawa, direba bai kamata ya kusance shi ba. Duniya kuma ba ta manta da thalidomide ba: a ƙarshen shekarun 1950 aka riƙa ba masu laulayi shi a matsayin magani marar cutarwa, aka janye shi a 1961, amma ya sa an haifi jarirai fiye da 10,000 da nakasa, musamman ta hannu da ƙafa. Ga shi amai sau da yawa alama ce kawai. Alhajin da rana ta buga a Mina yana amai, asibiti yake buƙata, ba ƙwayar da ya gani a waya ba.

Akwai kuma hadisin Abu Dawud da Nasa'i, cewa wanda ya yi likitanci ba a san shi da ilimin likitanci ba, shi ke da lamuni, wato alhakin ɓarnar da ta auku yana kansa. Mai cewa mata "ku sha kaza" ta shiga gonar likita, ko da ita a ganinta talla take yi. Sannan hukumar abinci da magunguna ta Saudiyya ba ta yarda a tallata wa jama'a maganin da sai da takardar likita ake bayarwa ba, sauran ma sai da izininta, kuma bin shugabanni a dokar da ke kare rayuka wajibi ne.

Idan maganin yana da rajista, ana sayar da shi a saidaliyya, wato kantin magani, ba tare da takardar likita ba, an samu izinin tallar, kin bayyana cewa biyan ki aka yi, kin faɗi illolinsa, kin ce mai ciki da yaro sai sun ga likita, to ladanki halal ne. Idan ɗan kasuwar ya ƙi waɗannan sharuɗɗa, ki bar masa kayansa, in kin riga kin karɓi wani abu ki mayar masa. Wallahu a'alam.