Inji mai doki 15 ko mai 40?

Malam, ka ce jirginka na katako ne, kana ɗaukar fasinja da buhunan kifi a Yawuri, kana tambaya ko inji mai ƙarfin doki 15 zai isa ko ka sayi mai 40. Ɗauki mai 25. Mai 15 ya dace da masunci shi kaɗai da komarsa, amma ka loda kaya ka fuskanci ruwan Kwara da damina, kuka kawai zai riƙa yi.

Ni na taɓa ɗaura Yamaha mai 40 a irin jirginka, gudun da ya ƙaru kaɗan ne, fetur kuwa kamar ana zubarwa, ga nauyinsa ya danne gindin jirgin. Kafin ka biya, auna tsayin katakon bayan jirgin, inda ake ɗaura injin, don farfela ta nutse sosai.