Tambayi Anti Ladidi: Kwalbar da Ta Fara Huci

Salamu alaikum Anti. Na dafa ruwan sukari da ɗanyar citta don in riƙa haɗa abin sha, na ɗura a kwalba na ajiye a kabad. Bayan kwana 6 da na buɗe, sai murfin ya yi huci, kumfa ta taso, ga wani wari kamar na ƙullin fulawa da ya tashi. Zan iya sha? Daga Maman Khalid

Wa alaikumus salam, Maman Khalid. Zubar da shi, kada ki ji asararsa. Warin da kika ji bai yi miki ƙarya ba, aikin yis ne. Akwai shi a jikin ɓawon citta, akwai shi a iska, kuma ba abin da yake so kamar sukari da ɗumi. Idan ya samu sai ya ci sukarin, ya fitar da abu biyu: iskar da ta sa murfin huci, da kuma barasa. Wato kin kama hanyar haɗa giya ba da niyya ba.

Ni ma ta taɓa cina. Wata kwalbar abarba na manta a bayan tukwane, cikin dare muka ji ƙara kamar an fasa tagar gida. Sai da na yi kwana biyu ina kankare danƙo a jikin bango, ƙudaje na taya ni.

Daga ranar na daina awon ido, na sayi ƙaramin sikeli. Sirof, wato dafaffen ruwan sukari, na yau da kullum awo ɗaya ne na sukari, ɗaya na ruwa: giram 200 na sukari a mililita 200 na ruwa. Ki ɗora a wuta kaɗan kina juyawa, da zarar sukarin ya narke ki sauke. Ba a barinsa ya yi ta tafasa, don ruwan zai ƙone, awon ya ɓaci, gobe ki rasa gane me ya sa abin shan ya yi zaƙi cau. Wannan yana kai kusan wata guda a firiji. Wanda na fi so shi ne mai kauri, awo biyu na sukari a ɗaya na ruwa. Sukarin yana riƙe ruwan ya hana ƙwayoyin cuta samun abin rayuwa, shi ya sa yake yin watanni, kuma kusan kashi biyu cikin uku na cokali yana yin aikin cokali guda.

Amma da zarar ɗanyen abu ya shiga, citta ce ko na'ana'a ko 'ya'yan itace, lissafi ya canza. Mako biyu a firiji, ba a kabad ba. Ki tace sosai kada tuƙa ta rage, ki ɗauraye kwalbar da tafasasshen ruwa, ki rubuta kwanan wata a jikinta. In ya yi miki yawa, zuba a farantin ƙanƙara ki daskarar. Ranar da kika ga ya yi hazo-hazo ko fumfuna ta fito a wuyan kwalbar, an gama magana.

Anti barka da aiki. Na ga wani haɗi a intanet da aka ce a sa “grenadine” da “bitters”. Mene ne su? Akwai barasa a ciki? Ba na son in kai wa iyali abin da ban sani ba. Daga Abban Sumayya

Barka kadai, Abban Sumayya, kuma ka kyauta da ka tambaya kafin ka saya, domin biyun ba ɗaya ba ne.

Na farkon sirof ne na rumman, sunan ma daga kalmar Faransanci ta rumman ya fito. Yawanci ba barasa a cikinsa. Matsalarsa daban ce: da yawa daga waɗanda ake sayarwa sukari ne da jan kala, rumman ko ƙamshinsa babu. Yi naka. Matse rumman ka tace, auna ruwan, zuba sukari daidai nauyinsa, ɗumama har ya narke, ka ɗiga ruwan lemun tsami kaɗan. Launinsa ba zai yi jan na kanti ba, ja ne mai duhu, amma za ka ji ɗan baurin nan da ke sa abin sha ya zauna a baki.

Na biyun kuwa barasa ce da aka jiƙa saiwoyi da ɓawon itace masu ɗaci a ciki. Mafi shahara, Angostura, wani likita Bajamushe mai suna Johann Siegert ne ya haɗa shi a 1824 a Benezuwela a matsayin maganin ciki, yanzu a Tirinidad ake yin sa, kuma barasar da ke cikinsa kashi 44.7 ce cikin ɗari. Za a ce maka ai ɗigo biyu ne kawai. Hukuncin ɗigo biyu na malamai ne, ba na mai girki ba, amma ni ba ya shiga kicin ɗina. Haka duk kwalbar da ka ga an rubuta “liqueur”: barasa ce da aka jiƙa 'ya'yan itace ko ganye a ciki aka ƙara sukari.

Dalilin da ya sa suke amfani da barasa shi ne tana janyo man da ke cikin ɓawo, abin da ruwa ba ya iyawa. To sukari ma yana wannan aikin. Fere ɓawon lemun zaƙi 4, saman kawai, ka bar farin. Zuba masa sukari giram 150, murza da cokali, rufe ya kwana. Da safe za ka tarar sukarin ya jiƙe ya zama mai ƙamshi kamar turare. Narkar da shi da ruwan ɗumi kaɗan ka tace. In ɗaci kake nema, dafa baƙin shayi mai ƙarfi da kanumfari biyu, ka zuba cokali ɗaya a kofi.

Anti, abin shan da nake haɗawa kullum salam yake fitowa, kamar ruwa mai kala. Daga ƙanwarki Zee

Zee, tsami ne ya yi miki kaɗan, ƙanƙara kuma ta yi miki ƙanana. Gwada mililita 25 na ruwan lemun tsami, 20 na sirof, 100 na ruwan soda mai sanyi, da gishiri ɗan mitsitsi a bakin yatsa. Lemon ki matse shi a ranar, wanda ya kwana ɗaci yake yi. Ki sa manyan ƙanƙara don ba sa saurin narkewa, sodar kuma ita ce ta ƙarshe, a juya sau ɗaya kawai. Ki ɗanɗana kafin ki miƙa wa baƙo, sannan ki rubuto ki faɗa mini yadda aka kwashe.